Ɓawon Lemon da Nake Tara wa Baba

Shekarun baya, lokacin ina sayar da lemon zaƙi a bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi, akwai wani dattijo da ya riƙe ni kamar ɗansa. Kirista ne ɗan Filato, tsohon malamin makaranta. Shi ya tsaya mini har aka bar ni na kafa teburi a jikin katangarsa. Baba nake ce masa.

Duk Asabar zai ce, "Ɗana, fere mini biyu, amma ɓawon nake so. Siriri, kada farin ya biyo."

Ban taɓa tambaya ba. A gidanmu busar da ɓawon lemo ake yi a turara saboda sauro, sai na ɗauka shi ke nan. Har ƙari nake yi masa don neman lada.

Wata Asabar ƙafa ta hana shi fitowa, sai na kai masa ciki. Na same shi da kofin gilas a gabansa. Ya jefa sukari, ya ɗiga wani baƙin ruwa, ya sa ƙanƙara, ya tsiyayo daga wata kwalba yana juyawa a hankali. Sannan ya karɓi ɓawon daga hannuna, ya murɗa shi a bakin kofin, ya jefa ciki.

"Baba, wane magani ne wannan?"

"Magani? Wiski ne, ɗana. Giya. Na ɗauka ka sani."

Innalillahi! Ni da alwala ma sai na maimaita saboda waswasi, ashe duk Asabar da hannuna ake haɗa giya! Ko sallama ban yi masa ba na fice.

Na je wa mahaifiyata a Unguwa Uku kamar zan yi kuka. Na ce zan ɗauke teburina, na bar unguwar.

Ta ce, "Da ka sani ne?"

"Yanzu fa na sani, Inna."

"To ka bar ferewar. Wa ya ce ka bar mutumin?"

Na kwana ina tsara yadda zan faɗa wa Baba. Da safe ban ma buɗe baki ba ya dogaro sandarsa ya ce, "Laifina ne da ban gaya maka ba. Na hutar da wuƙarka."

Bai sake neman ɓawo a wurina ba, ni ma ban bar gaishe shi ba. Har yau in na tuna kofin nan sai gabana ya faɗi, amma na gode Allah da ban gudu ba.

Ranar da zai koma Jos na je sallama, ya miƙo mini ruwa yana dariya. "Zalla ne, kofin ma na Maman yara ne."

Na karɓa na shanye. Amma gaskiya sai da na sansana.