Garwashi a Cikin Kunun Kawu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan, don ni mutum ne mai tsoron ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Amma girma yana kama ni, ba na so in tafi da shi a ciki. Allah ne shaidata, da ni abin ya faru, ba ji na yi ba.

A shekarun tamanin ne, ina tsaron shagon hatsi a kasuwar Tanut, sai kawuna Alhaji Mamman na Ollelewa ya sayar da wasu raƙumansa ya ce zai je ziyara birnin Fas na ƙasar Maroko, in raka shi tunda ina ɗan jin Faransanci. Muka isa lafiya, sai dai tun da guzurinmu ya ƙare Kawu ya rufe bakinsa. In na kawo abinci sai ya ce bai san wanda ya yanka ba, bai san hannun da ya dama ba. Na ce, "Kawu, garin Musulmi ne fa." Ya ce, "Ai ban ce arna ba ne, cikina ne bai san su ba." Ruwa da shayi kawai yake sha, har ya koma salla a zaune, ni kuwa ba abin da nake gani sai ranar da zan tsaya gaban mahaifiyata in ce mata na baro wanta a ƙasar wasu. Ni kaina busasshen burodi nake ci, don shakkarsa ta shige ni.

Wata rana bayan magariba ina zaune ƙofar masauki na rasa abin yi, sai ga wani mutum baƙi kamar mu, cikin doguwar riga mai hula irin ta mutanen garin, ba zai wuce shekara talatin da ƴan kai ba. Ya yi sallama da Hausa, irin ta wajenmu sak, ya ce, "Ya jikin Mato?" Na ce wane Mato? Ya ce, "Kawunka mana. Taurin kan nan nasa ba yau ya fara ba." Na ɗauka wajen sauran masu ziyara ya ji labari. Ya ce, "Tashi ka fara cin abinci tukuna. In kai ma ka faɗi, wa zai ɗauki wani?"

Jama'a, ban taɓa ganin gari irin wannan da yamma ba. Lunguna ne matsattsu, mota ba ta shiga sai alfadari, fitilu a jere, hayaƙin nama da ƙamshin na'ana'a sun cika ko'ina, shi yana gaba ina biye. Ya fara tsayar da ni wajen mai wata miya da suke kira harira, ta tumatir da wake da ɗan nama, ana ba ka da dabino a gefe. Na tsaya ina leƙen tukunya, ya ce, "Sha, malam mai bincike, ga mahaucin can da carbinsa." Wallahi har cikin ƙashina na ji ta. Daga nan sai wajen mai wani fanke mai rami a tsakiya, ana tsamo shi daga mai a zura a kaba kamar duwatsun wuya, sai mai kan rago da aka turara har nama na zamewa da kansa, a barbaɗa gishiri da wani yaji mai ƙamshi. Abin da ya burge ni, kowa sai ya yi bisimilla kafin ya miƙo maka, in ka yaba ya dafa ƙirji.

Da muka zo wajen mai dodon koɗi, ana dafa shi cikin romo ana zaƙulowa da tsinke, sai na ja baya. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan Damargu, fara kake ci har ƙafafunta, yau wannan kake ƙyama?" Na ce halal ne kuwa? Ya ce, "Malaman garin nan ma nan suke tsayawa." Na ci ɗaya da ƙyar, romon dai na shanye. Shi kuwa ko loma bai kai ba, duk inda na yi masa tayi sai ya ce ya ƙoshi tuntuni.

Can ƙarshen wani lungu muka tarar da wata tsohuwa a bakin ƙofa da tukunya bisa garwashi. Da ta buɗe na ji ƙamshin gero, kunun gero a Fas. Ta cika kwano, shi kuma ya sunkuya ya ɗauki garwashi ja da yatsunsa ya jefa ciki ya yi cuu, a nan ne na lura ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne. Ya ce, "Kai masa haka, kada ka cire." Ya rako ni har masauki ana kiran isha'i, na ce ya shigo su gaisa, ya ce, "Shiga dai kada ya huce." Na ajiye kwano na leƙo, ba kowa.

Kawu ya daɗe yana kallon baƙin gawayin nan a kan kunu. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na gaya masa. Ya ce, "Me ya kira ni?" Na ce Mato. Sai ya ɗaga hannun hagu ya kama ƙaramin yatsansa yana dubana, na gyaɗa kai. Ya ɗauki kwanon ya shanye tas. Sannan ya ce wansu Illa ne kaɗai ke kiransa haka, shi ke kashe masa garwashi a kunu in ciki ya dame shi yana yaro, igiyar rijiya ce ta cire wa Illa yatsa, kuma ya bi ayari arewa tun kafin a aurar da mahaifiyata, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. "In yana da rai," in ji Kawu, "ya ba tamanin baya."

Washegari da yamma Kawu da kansa ya ce in kai shi. Ya sha harira, ya ci kan rago har yana santi. Duk masu abincin na same su, mai dodon koɗi ma ya tuna yadda na yamutsa fuska, amma da na tambaye shi wanda muka zo tare sai ya ɗaga kafaɗa. Lungun tsohuwar kuwa mun neme shi har muka bar garin ba mu gan shi ba. Kwanon na bar wa mai masauki ko za a zo nema.

Kawu ya dawo gida da ƙafarsa, ya yi shekaru kafin ya rasu. Shawarata, duk wanda ya taimake ku a baƙon wuri ku tambayi sunansa nan take. Kuma ina roƙo, in akwai wanda ya taɓa jin labarin wani Illa mutumin Ollelewa mai guntun yatsa, ko zuriyarsa a Fas ko a hanyar arewa, ya taimaka ya sanar da ni. Kawu ya bar mini wasiyya in riƙa sa shi a addu'a, ni kuwa kullum na ɗaga hannu sai in tsaya, don ban sani ba ko ta mamaci zan yi masa ko ta mai rai.