Littafin da Kaka ta ƙwace wa Baba

Har gobe idan na ji ƙofar gareji tana ɗagawa sai gabana ya faɗi. A gidanmu na garin Bowie a Amurka wannan ƙarar ce shelar dawowar Baba daga asibiti, kuma kafin ƙofar ta gama hawa mun kashe talabijin, kowa ya shiga taitayinsa. Likita ne, marasa lafiya suna ta sa masa albarka, amma inuwar giginya ce, na nesa ka sha. A gida cokali ya faɗi faɗa, miya ta yi gishiri faɗa.

Ina shekara goma sha ɗaya, lokacin da ganyen unguwarmu ke yin ja yana zuba, abin ya sauya. Mota za ta shigo, injin ya mutu, Baba ba zai fito ba. Sai ya yi minti goma a zaune ido rufe, sannan ya shigo da sallama a hankali. Ranar da na kifar masa da shayi a kan takardu na runtse ido ina jiran tsawa, sai na ji ya ja dogon numfashi ya ce in ɗauko tsumma. Kada ku ɗauka murna na yi. Tsoro na ji, don na tabbata tara mini yake yi.

Kakata, mahaifiyarsa, wadda ta zo daga Kano take zaune da mu, ita ma hankalinta bai kwanta ba. A wurinta mutum ba ya yin sanyi rana ɗaya sai da dalili. Ta yi ta tofa addu'a a ruwan shansa, har ranar da ta ci karo da wani ƙaramin littafi a aljihun rigar sanyinsa. A bangon akwai hoton mutum ya tanƙwashe ƙafa, ido a lumshe. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce gunki ne.

To, Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi ta tuhume shi ido da ido. Sai ta kira ni ɗakinta mai ƙamshin man zafi, ta miƙo mini littafin da yatsu biyu.

"Karanta, ki juya mini da Hausa. Kada ki rage komai."

Hausata ta kicin ce, amma haka muka yi yammaci uku ina lalube. Koyarwar Buddha ce: mutum ya zauna ya lura da numfashinsa, idan fushi ya taso ya gan shi tun daga nesa, kada ya bi shi. Kaka tana jan carbi tana jiran inda za a ce a bar salla. Na ce babu. Ta ce yana gaba, ai ba a shafin farko za su faɗa ba.

A nan na yi wautar da har yau take damuna. Na zo wurin da ake maganar mutum ya mutu a sake haihuwarsa, na san idan ta ji shi ke nan, ni kuwa na fara son wannan sabon Baban. Sai na haɗa ganye biyu na juya. Kaka ba ta san boko ba, amma idonta yana kan yatsuna.

"Kin tsallake. Abin da ake ɓoyewa shi nake nema."

Ko karantawa ba ta bari na yi ba. Ta aika Mama ta gaya wa "mai gidan nan" ya zaɓa, ko littafin ko ita Kaka. Baba ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta. Ya ce wani abokin aiki ne ya ba shi bayan ya daka wa wata nas tsawa har ta yi kuka, kuma zaman kawai ya ɗauka, sallarsa tana nan. Kaka ta juya fuska bango. Ya bar mata littafin, ita da kanta ta ƙulle shi a leda ta kai bola.

Na zauna jiran tsohon Baba. Ya leƙo sau da yawa, ba zan yi muku ƙarya ba, sai dai yanzu yakan tsaya a tsakiyar faɗa ya fita waje. Kaka kuwa har Allah ya karɓi ranta tana leƙen sallarsa tana ƙirga raka'a.

Yau a wurin aikina ma ana koyar da wannan zaman, har a waya akwai shi, ba mai ɗaga ido. Baba ya yi furfura, 'ya'yana suna hawa wuyansa suna ja masa gemu. Da ƙaramar sallar bana ya ɗago ya dube ni ya ce, "Na lura duk sanda suke wurina, kina tsaye a bakin ƙofa kina sa mana ido."

Na fara kame-kame. Ya girgiza kai.

"Ci gaba da tsayuwarki, 'yata. Ni na koya miki."