Binne a Bayan Kasuwar Gwiwa

Mun tashi daga Kazaure da asuba, ana sallame salla, mu uku a tsohuwar motar wani abokina da zai je Gwiwa neman irin gero. Na ukunmu mutumin Babura ne, ya yi alkawarin zai ɗebe mana kewa da hira, amma ko gari ba mu fita ba ya fara minshari. Ni kuwa jawo ni aka yi, don an gaji da ganina zaune a zaure.

Wata bakwai ke nan da rasuwar matata. Salla ina yi, amma tilawar bayan asuba ta tsaya cak. Shekara ashirin da 'yan kai ni nake karantawa da ka, ita tana riƙe da Alƙur'ani tana gyara mini. Tun da ta tafi, in na buɗe sai in ji ƙirjina fayau, babu tsoro babu daɗi. Na ce wa kaina zan jira zuciyata ta dawo tukuna. Ina jiran, ina jin haddar tana zubewa kaɗan-kaɗan, abin yana cin raina.

Hanyar Roni da sassafe kamar a mafarki take. Duwatsu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga duhun asuba, bishiyoyin kuka tsaye babu ganye, gonaki an share su tas ana jiran sama. A Roni muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa, ta ce ya je ya tambayi kuɗin wake. Mangwaro kuwa tuli-tuli a bakin titi, araha kamar a ce kyauta.

Da hantsi muka shiga Gwiwa, kasuwa ta fara cika. Mashina da kekuna ko'ina, mutanen Nijar suna ciniki suna ambaton sefa. Hayaniyar ta ishe ni, sai na zame na bi wata 'yar hanya ta bayan gari, har na daina jin komai sai kukan kurciya.

A nan na tarar da wani dattijo a gona yana sara da sungumi. Matarsa tana biye da shi da ƙoƙon iri, tana zubawa a rami tana rufewa da diddige. Ƙasar a bushe take ƙamas, sama kuma ko ɗigon gajimare babu. Na san sunan abin, binne, amma ni ɗan ofis ne, ban taɓa tsayawa na kalla ba. Ya sara, ta zuba, ta rufe. Na daɗe ina kallonsu, kuma ba zan ɓoye ba, na ji kishin dattijon nan.

Na yi sallama, muka gaisa. Na ce, “Baba, ai ruwa bai sauka ba. Ba kwa tsoron asarar iri?”

Ya jingina da sungumin ya ce, “Malam, in na jira sai ya sauka, ranar da zai zo ba ni da komai a ƙasa.”

“In kuma ya yi yayyafi ya ɗauke fa?”

“Sai ya ruɓe, mu sake. Bara sau biyu muka sake.” Matar ta ce sau uku ne, ya ce to, ita ce mai riƙe ƙoƙo, ta fi shi sani.

Na koma gindin wata tsamiya na zauna. Zafi yana rawa a saman gonaki, wani garken shanu yana wucewa can nesa kamar ba ya taka ƙasa. Na ciro ƙaramin Alƙur'anin da ba na rabuwa da shi a aljihu, duk da na daina buɗewa. Na fara daga inda muka tsaya ni da ita. Ban ji komai ba. Na ci gaba a hankali, har na zo kan ayoyin da ke maganar ƙasa matacciya da ruwa ke rayawa. Nan ma ban yi kuka ba, ban ji wani haske ba. Na dai karanta har inuwa ta juya, dattijon da matarsa suka kai ƙarshen gona.

Da magariba muka iso gida, mutumin Babura yana ba da labarin hanyar da bai gani ba. Washegari bayan asuba na zauna a inda na saba. Sau uku na kakare, babu mai gyara mini, na buɗe na duba da kaina. Wannan ya fi komai ciwo.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne na yi wata bakwai ina jiran abin da ba a hannuna yake ba, na bar wanda yake hannuna. Har yau da nake rubuta wannan, ruwa bai sauka a Kazaure ba, ƙirjina ma yana nan yadda yake. Amma kwana tara ke nan ban fasa ba.