Hannun Illiassou

Yayana Illiassou mafaɗaci ne, kuma ba zan rufa masa asiri don muna ciki ɗaya ba. Tun muna yara a Tahoua, in aka ji ihu a bakin famfo ko a filin ƙwallo, Inna ba ta tambayar wa ya yi dukan, mayafi kawai take ɗauka ta tafi ba da haƙuri. Ya yi kokawa har ya fara suna, aka kore shi daga fili ranar da ya kayar da mutum kuma ya bi shi da naushi bayan alƙali ya busa. Ni kaina ina da tabo a goshi, na kwanon da ya jefe ni da shi.

Babban yayanmu Mamadu, malamin lissafi a wata makaranta a Stains, kusa da Paris, shi ya yi masa hanyar karatu ya kawo shi Faransa a 2002. Karatun bai shekara ba. Illiassou ya koma kamfanin masu kwashe kayan gida, ya kama ɗaki a Sevran, unguwar Beaudottes. Aikin ya dace da shi, don firji yake ɗorawa a gadon baya ya hau bene yana waƙa. Unguwar ma ta dace da shi. Samarin da ke tare ƙofar benensu sun taɓa cewa sai sun duba jakarsa kafin ya wuce. Ɗaya ya bar haƙoransa a kan matakala, ɗaya aka ɗinke masa kunne. Daga ranar Tonton suke kiransa, wato kawu, har ƙofa suke buɗe masa.

A 2007 matar Mamadu ta haihu, aka yi suna a Stains. Illiassou ya shigo da hannun riga a yage, ya yi dambe da wani a cikin jirgin ƙasa. Mamadu ya yi masa faɗa a gaban baƙi, ya ce ya gaji da zuwa ofishin 'yan sanda saboda ƙato mai gemu. Bai rufe baki ba Illiassou ya ɗauke shi da mari. Ina tsaye a wurin da tiren shinkafa. Na ga jini yana fitowa daga kunnen Yaya Mamadu yana bin wuyan farar shaddarsa. Kunnen hagun nan bai sake jin komai ba.

Mahaifiyarmu, Hajiya Rékia, ba ta zage shi ba, ba ta tsine masa ba. Al'adarta ce in muka kira ta ran Lahadi, kafin ta ajiye waya ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da suna: "Mamadu, Allah shi yi ma albarka. Shamsiya, Allah shi yi miki albarka." Daga ranar sunan nan ta riƙa tsallake Illiassou. Tana gaisawa da shi, tana tambayarsa ko ya ci abinci, amma in aka zo ƙarshe sai ta yi shiru ta kashe. Shekara bakwai ana haka. Da farko na ji daɗi, wallahi, na ce maganinsa ke nan. Amma wata rana ya zo wurina a Lyon, inda nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje, muka kira ta tare, na ga ƙaton nan ya shige banɗaki ya kunna famfo don kada in ji kukansa.

A daminar 2014 muka kawo Inna aka cire mata yanar ido. Ta fara gani tar, kuma abin da ta gani bai burge ta ba. Mace ce mai kiwo, gidanta ba ya rabuwa da ragunan turka, ga shi an ajiye ta a hawa na biyar a gidana da ke unguwar Guillotière ta Lyon tana kallon taragon da ke wucewa.

"Ba akuya, ba kaza," in ji ta. "Mutanen ƙasar ga mi suka ci?"

Likitan da ya duba ta ya ce zuciyarta ta gaji. Ba wanda ya faɗa, amma duk mun san in ta koma gida ƙarshen Agusta ba za ta sake hawa jirgi ba. Mamadu ya ce tunda hutu ne, mu zaga da ita ƙasar duwatsu da tafkuna ta sha iska. Suka taso daga Paris shi da Illiassou suka same mu. Da safen da za mu tashi, Illiassou ya durƙusa gaban Inna a tsakar ɗakina.

"Inna, daga nan har mu komo, in kin ga na ɗaga hannu bisa mutum, kada ki ƙara kiran sunana."

Ta dube shi da sababbin idanunta. "Da ji nika yi. Yanzu ina gani. Mu tahi."

Mamadu ke tuƙi, Inna a gaba ta gefen kunnensa mai ji. Ni da Illiassou a baya tare da tukunya, buta, darduma da ƙunshin kilishi. Kujerarsa tana daidai bayan Mamadu, don haka mataccen kunnen nan ya yi ta kallo duk tsawon hanya. In wani direba ya yanke mu ko ya nuna mana yatsa, sai in ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya cusa hannayensa ƙarƙashin cinyoyi ya zauna a kai. Na ce, "Yaya, kwanci kake yi kan ƙwai?" Ko murmushi bai yi ba.

Muka bi ta tafkin Bourget, muka kwana biyu a wajen Annecy. Inna ta tsaya bakin ruwa ta riƙe haɓa. "Duk ruwan ga, babu wanda ya dasa ko albasa?" Daga nan hanya ta fara murɗewa tana hawa, kunnuwanmu suna toshewa, Inna tana salati a kowace kwana.

A bakin wani ƙaramin tafki aka fara gwada shi. La'asar ta yi, Inna ta tsuguna tana alwala. Wasu samari uku da suka sha suka yi tatul suka zo wucewa, ɗaya ya yi ƙwallo da butar ta faɗa ruwa, sauran suna dariya. Illiassou ya miƙe. Na san miƙewar nan, na ce yau akwai gawa. Sai ya tura hannayensa cikin aljihu, ya je ya tsaya tsakaninsu da Inna, ya ce su tafi don Allah. Mai jar riga ya matso ya yi masa karo da goshi a hanci. Na ji ƙarar ƙashi. Jini ya ɓalle har cikin gemunsa, na biyu ya ƙara masa naushi a ciki, hannayen nan ba su fito daga aljihu ba. Ni ce na kasa. Na ɗauki fulas ɗin shayi na rafka wa mai jar rigar a ƙeya, na bi shi da zagi cikin harshe biyu, har mutane suka taso, samarin suka gudu.

Illiassou ya juya yana kallon Inna, hancinsa a karkace. Ta shiga ruwa har ƙwauri ta ɗauko butarta, ta sake alwala. Abin da ta ce kawai, "Hanci ne, shina warkewa." Ranar na ji haushinta ƙwarai.

Bayan wasu kwanaki muka hau can sama, inda itatuwa suka ƙare sai ciyawa da duwatsu, ga ƙanƙara a kan tsaunuka cikin watan Agusta. Muka tsaya cin abinci. A gangaren da ke gabanmu tumaki ne fululu, sun fi ƙarfin ƙirga. A bakin hanya akwai allo mai hoton kare. Mamadu ya karanta ya fassara wa Inna: akwai manyan karnuka farare da ake kira patu, masu tsaron garke daga kyarkeci, kada a kusanci tumaki, kada a yi gudu, kada a yi musu barazana.

"Kare ai kare ne," in ji Inna. "Duƙawa aka yi a ɗauki dutse, shi ruga."

Muka yi dariya, muka shiga sauke tukunya. Da na ɗaga kai, Inna tana tsakiyar garke. Ta kama wani rago tana latsa gadon bayansa tana duba haƙoransa, yadda take yi a kasuwar dabbobi, fuskarta cike da farin cikin da ban gani ba tun zuwanta. Sai ga karen ya taso daga cikin tumakin, fari kamar su, girmansa ya kai ɗan maraƙi. Ya tsaya yana haushi. Inna ta yi abin da ta yi duk rayuwarta, ta duƙa ta ɗauki dutse.

Kafin ta ɗago ya kai ta ƙasa. Ya kama damtsenta yana girgizawa, mayafinta ya yi gefe, tumaki suka watse. Ban ga lokacin da Illiassou ya bar wurinmu ba. Na dai gan shi ya faɗa kan karen, ya cusa hannunsa na dama cikin bakinsa ya ɓamɓare shi daga jikin Inna. Karen ya saki tsohuwa ya datse hannun. Suka yi ta birgima a gangare, ƙafafun karen suna yagar cikinsa da cinyarsa, shi kuma ya naɗe wuyansa da hannun hagu ya danne da dukan nauyinsa. Ina jin ƙasusuwan yatsunsa suna ƙara a bakin dabbar. Bai yi ihu ba. Ya ci gaba da matsewa har ƙafafun suka daina shure-shure, farin gashin nan ya koma ja.

Yana ƙoƙarin tashi makiyayin ya iso a guje, wani dattijo siriri, yana kiran sunan karensa yana kuka. Bai tambayi komai ba. Ya ɗaga sandarsa mai bakin ƙarfe ya sauke wa Illiassou a ka, ya ƙara a kafaɗa. Goshin ya tsage. Illiassou ya shige ƙarƙashin sandar, ya kama ɗamarar mutumin da hannu ɗaya, irin kamun filin kokawa, ya ɗaga shi sama. A ƙarƙashinsu wani falalen dutse ne mai kaifi. Mamadu yana ihun a bari. Ni kuwa, da jinin uwata a hannuna, cewa nake, "Buga shi! Buga shi!"

Na dubi Inna. Tana kwance a jikina, idanunta a kansa.

Ya daɗe riƙe da mutumin a sama. Sannan ya sauke shi a kan ƙafafunsa a hankali, yadda yake sauke madubin mutane daga mota, ya mayar da hannayensa baya. Makiyayin ya ƙara masa sanda ta uku a haƙarƙari. Illiassou ya tsaya. Sai dattijon ya yar da sandar ya durƙusa kan karensa.

'Yan kwana-kwana masu aikin ceto suka sauko da Inna da Illiassou, jandarmomi suka ɗauki bayanin kowa. An yi wa Inna ɗinki a damtse da cinya. Illiassou aka wuce da shi wani asibiti a Lyon, aka cire masa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, sauran ukun kuma ba sa dunƙulewa har yau. Firji ya gagare shi, yanzu motar kamfanin yake tuƙawa.

Inna ta ƙi zuwa duba shi sai da Mamadu ya mayar da ita kan dutsen nan. Ta yafa mayafi ta je ta ba makiyayin haƙuri, Mamadu yana fassara. Ta ce karen bai yi laifi ba, garkensa ya tsare, ita ce ta shiga inda ba a kira ta ba. Illiassou yana kwance a asibiti yana kallon ƙofa duk wannan lokacin, ga ranar tafiyarta tana matsowa. Ya ce mini, "Ta ga na ɗaga shi, Shamsiya. Na ɗaga hannu bisa mutum." 

Ana gobe za ta tashi muka shiga ɗakinsa mu uku. Ta zauna bakin gado, ta ɗauki hannun da ke naɗe, ta bi shi da yatsunta tana laluben inda babu. Ta yi addu'a ta tofa. Sannan a hankali, can ƙasa-ƙasa, ta ce, "Illiassou, Allah shi yi ma abin da ya saura albarka."

Ya rufe fuska da ɗaya hannun. Mamadu yana tsaye bakin taga, gefensa na hagu ne ke wajenta. Ya ga ina kuka, ya ga ƙaninsa yana kuka, ya juyo da kunnensa mai ji.

"Mi ta ce?"

Inna ta dubi Illiassou. "Ka ga aikinka ko? Sai na faɗa sau biyu."

Ta ɗaga murya yadda har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Na ce Illiassou, Allah shi yi ma albarka!"

Mamadu ya ce amin, kuma shi ya riga kowa faɗa.