Gatarin Wilho Mai Baki Biyu

A garinmu, can arewacin Michigan, duk wanda zai sayi gatari sai ya biya ta gidan Wilho Kangas ya ɗauke shi su tafi kanti tare. Shekara talatin da takwas ya yi yana saran itace a dajin kamfani, tun kafin injin yanka ya shigo ya cika mana kunne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, don haka na sha kallon yadda yake wahalar da mai kanti. Zai ɗaga gatari ya kanne ido ɗaya ya bi ƙotar da kallo, ya ajiye, ya ɗauki wani. Idan mutum ya nuna babba, sai ya ce, "Daji za ka je ka kwana uku, ko yaƙi za ka? Ɗauki ƙaramin nan, shi zai shiga kwale-kwale bai huda shi ba."

Gatari mai baki biyu kawai ya yarda da shi. Baki ɗaya ana wasa shi ya yi siriri, ya yi kaifin da zai aske gashin hannu, wannan na saran itace mai tsabta ne, ba ya taɓa ƙasa har abada. Ɗayan ana barinsa da kauri, na faskare ne da saiwa da duk wani aikin datti. Abin da Wilho ya fi raina shi ne mutumin da sai ya shafa bakin da yatsa kafin ya gane wanne ne wanne. "Wannan ya je ya sayar da alewa," in ji shi. Shi kallo ɗaya yake yi.

Duk kaka, idan ganye ya yi ja, mukan tafi wani ɗan tafki mu kafa tanti na mako guda: ni da shi da matarsa Lempi. Lempi ƙaramar mace ce mai kaifin baki, kuma tana da sharaɗi ɗaya da kowa ya sani. Yayanta ya rasa yatsun ƙafa uku a bakin gatari bayan ya tsufa, saboda haka ta ce wa Wilho, "Ranar da ka kasa bambance bakin nan biyu, ranar za mu naɗe tantin nan, mun gama zuwa." Wilho kuwa in an hana shi tafkin nan an gama da shi. Sauran makonnin shekara jira kawai yake yi.

A shekarar da ya cika saba'in da huɗu muka isa da hantsi, da sanyi mai shiga ƙashi. Lempi ta ɗora romon kifi da madara a wuta. Wata saiwa ta fito daidai ƙofar tantin, har ta kusa kayar da ni. Kullum Lempi ce ke zare gatarin daga kubensa ta miƙa masa, amma ranar hannunta na kan ludayi.

"Osmo, miƙo min gatarin nan," in ji Wilho, "kafin ka karya mana wuya mu rasa mai wanke kwano."

Na zare na miƙa masa yadda ya zo hannuna. Ai Wilho ne, me zan gaya masa? Ya karɓa da safar hannunsa mai kauri, ya ɗan tsaya yana kallon kan gatarin, tsayuwar ta fi yadda na saba gani. Sannan ya ɗaga ya sauke.

Ƙarar da muka ji ba ta itace ba ce. Akwai dutse a ƙarƙashin saiwar. Da ya ɗago, sai ga giɓi kamar farcen babban yatsa a siririn bakin, bakin da ya shekara ashirin bai ga ƙasa ba. Nan take na gane abin da ya faru, na kuma gane ni na jawo. Wilho ya zauna a kan kututture, ya ɗora gatarin a cinya.

"To, tsohuwa," ya ce a hankali, "kin ji da kunnenki. Hazo nake gani. Bari mu ci romon sai mu naɗe."

Lempi ba ta ko juyo ba, tana ta juya tukunya. "Sai yau ka sani? Ni shekara uku ke nan da na sani."

"Shekara uku?"

"Ka ɗauka don ƙaunar ɗaukar kaya nake miƙa maka gatari? In faskare za ka yi in juyo maka mai kaurin, in sara ne in juyo siririn. Kai kuma ka karɓa kana hura hanci, wai kallo ɗaya." Ta nuna ni da ludayi. "Sai da wannan sarkin gwaninta ya sa hannu."

Na ce, "Haba Lempi, wa ya gaya min?"

"Rufe mana baki, Osmo."

Ni dai tausayin Wilho ya kama ni, ga kunya, na rasa inda zan sa idona. Can ya ce, "Sharaɗin fa? Ke kika kafa shi."

Ta ajiye ludayin, ta goge hannu a zani, ta zo ta ɗauke gatarin daga cinyarsa. Ba mai taɓa ƙotar Wilho da wuƙa, ko ɗansa bai isa ba. Ta zaro wuƙar gyaran kifi ta yi tsaga uku masu zurfi a ƙotar, ta gefen siririn bakin, daidai inda babban yatsansa ke zama. Yana kallo bai hana ta ba.

"Ga shi. Ko da safar hannu za ka ji su. Shafa, mai sayar da alewa."

Ya shafa. Sai ya yi wata 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙi ne.

"Ni na kafa sharaɗin, ni kuma zan faɗi ranar da ya cika," in ji ta. "Tashi ka cire min saiwar nan, romo na hucewa."

Yinin ranar a bakin ruwa ya yi shi, yana goge giɓin da magagari, yana bin bakin da yatsa a fili, ba ɓoye-ɓoye. Gatarin ya ɗan rage faɗi, amma kafin rana ta faɗi ya sake aske gashin hannu.

Kaka biyar muka ƙara zuwa tafkin. Gatarin yana wurina yanzu, tsagar nan uku sun yi sumul saboda shafa. A shekaru biyar ɗin nan, in ni na miƙa masa, sai ya lalubi tsagar tukuna, ya kuma tabbatar na gani. Amma Lempi ba ta daina miƙa masa ba, kuma in daga hannunta ya karɓa, ban taɓa ganin ya shafa ba.