Bindigar Gasar Babanmu da Na Ce Ba Ta da Daraja

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ya shafi mutanen gidanmu, kuma ba su da laifi a ciki.

A lokacin da abin ya faru ban daɗe a Dubai ba. Ina aikin lissafi a wani kamfanin kargo da ke Deira, kusa da tashar bas ta Al Sabkha, ina kwana a Al Buteen cikin ɗakin da muke haya mu uku. Albashina bai taka kara ya karya ba, amma a gida Zariya ana yi mini kallon wanda ya gama haɗa komai, ni kuma ban taɓa gyara musu wannan zaton ba. Akwai wani kulob na harbi a bayan gari da nake bin abokan aiki muna zuwa jefi-jefi. Duk zuwan da na yi sai na ɗauki hoto riƙe da bindiga, kunnuwana a toshe, na tura wa 'yan gida. Da haka suka ɗauka ni masanin bindiga ne, alhali iyakar sanina in ɗana in harba.

Babanmu tsohon ɗan sanda ne, kuma a ƙuruciyarsa yana cikin masu shiga gasar harbi. Yana da bindigogi biyu na kansa, da lasisinsu, waɗanda ba na farauta ba ne, ba kuma na aiki ba. Na saiti ne kawai, masu cin ƙaramin harsashi ɗaya-ɗaya. Ɗaya siririya ce, da ita ya koya. Ɗayar kuwa mai nauyi ce, bututunta kauri gare shi, ƙotarta ta wani katako mai duhu, da rami inda babban yatsa ke shiga. Wannan ya zo da ita ne daga wani kwas da ya yi a Turai. Muna yara mukan tsaya a bakin ƙofa muna kallonsa yana goge ta, ba wanda ya isa ya taɓa. Da Allah ya yi masa rasuwa ban samu zuwa jana'iza ba, fasfona yana wurin sabunta biza. Daga baya aka zo rabon gado, malamin da aka kira ya ce dole a yi wa kowane abu kima kafin a raba. Gida da gona da mota duk an san masu yi musu kuɗi. Bindigogin ne aka rasa, sai Yayana, wanda shi ne babba a gidan, ya turo mini hotunansu ya ce in bincika tunda harkata ce.

Na kai hotunan wurin wani dattijo Balarabe da ke gyaran bindigogin kulob ɗin, wanda kuma masu tara tsofaffin bindigogi ke kawo masa nasu ya yi musu kima. Siririyar kallo ɗaya ya yi mata ya ce irinta suna da yawa. Da ya zo kan mai nauyin sai ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce in sa a ɗauko masa hoton ƙarƙashin bututun inda ake buga tambari, da lambar da ke jikin sakatar da ake ja a ɗana ta, da duk wani abu da ke cikin akwatinta. Na sa ƙanwata ta ɗauka, na ce mata don tarihi nake so. Da ya gani ya bayyana mini cewa ƙirar Jamus ce ta gasa, wadda ba a yi da yawa ba. Lambar bututu da ta sakata sun zo ɗaya, alamar ba a taɓa sauya mata komai ba. Katakon yana nan da shafensa na asali, kuma ƙananan ƙarafan saiti da ke cikin gwangwani, masu ɗan huji da ake leƙawa, su ma nata ne tun daga masana'anta. Kuɗin da ya ambata ya fi ƙarfin motar Baba nesa ba kusa ba. Sannan ya ja mini kunne. Ya ce, “Habibi, darajarta tana cikin yadda take yanzu. Kada a kankare, kada a yi fenti, kada a yar da ko ƙusa ɗaya. Kuma kada ka motsa ta ba tare da takardu ba, a can ko a nan.”

Na tuna a cikin kwalekwale nake, ina tsallaka ruwan Deira zan koma ɗaki, lokacin da tunanin ya fara shiga raina. Na ce wa kaina ai ni kaɗai ne na san amfaninta, su ko an ba su ba za su iya sayar da ita ba. Na ce ai ni nake tura kuɗin magani tun Baba na kwance. Kafin mu isa gaɓa na gama shawo kan kaina. Washegari na kira Yaya na ce masa dukansu tsofaffin ƙarafa ne, harsashinsu ko zomo da ƙyar ya kashe, ba mai saye. Na roƙa a saka mini mai nauyin a cikin rabona a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, don in riƙa tunawa da Baba tunda ban samu ganin gawarsa ba. Yaya ya ce ba komai. Ummanmu ta karɓi wayar tana kuka, ta ce duk cikin 'ya'yanta ni ne na san abin da mahaifinmu yake so, ta yi ta sa mini albarka. Na amsa da amin, bakina bai ko yi nauyi ba.

Kashedin da dattijon ya yi mini ban isar da shi gida ba. In na ce kada a taɓa ta, za a tambaye ni me ya sa nake tattalin abin da na kira tsohon ƙarfe. Na bar ta a ɗakin Baba da niyyar in na zo hutu in san yadda zan fitar da ita. Da na fara bincike na gane lasisin ya mutu tare da mai shi, kuma fitar da bindiga daga ƙasa zuwa ƙasa aiki ne mai tsawo da ya fi ƙarfina a lokacin. Sai na yi ta ɗaga maganar.

Ashe Yaya yana can yana shirya mini abin alheri. An sa ranar aurena, ya ga ya kamata in na dawo in tarar da bindigar Baba ta zama sabuwa, da takardunta a kammale. Ya kai ta wurin wani mai walda da ya sani, aka bi ɗigon tsatsar da ke jikin bututun da injin gurza, aka fesa baƙin fenti. Kafinta ya kankare ƙotar ya shafa mata mai sheƙi. Gwangwanin ƙarafan saitin kuwa, da ake share ɗakin, an haɗa shi da tarkace an ba 'yan gwangwan. Bayan haka Yaya ya ɗauke ta da tsohon lasisin Baba, da zuciya ɗaya, ya tafi ofishin da ake sabunta lasisi. A can aka duba aka ga rabin lambar ya tafi da gurzar. A irin halin tsaron da ake ciki, bindiga mai gogaggiyar lamba ba ƙaramar magana ba ce. Nan take aka tsare shi.

Ina ofis ana loda kwantena ƙanwata ta kira ni ta faɗa mini. Yaya malamin makarantar sakandare ne, mutum ne da ko gardamar kasuwa ba ya yi, ga ciwon suga. Ya yi kwanaki a tsare, matarsa na kai masa abinci da allura, unguwa kuma ta ɗauka cewa an kama shi da makami. Ni ina nan, ba abin da nake iyawa sai kiran waya da tura wa lauya kuɗi. Allah ya taimaka hotunan da ƙanwata ta ɗauka tun farko suna nuna lambar a cike, ta kuma yi daidai da ta lasisin. Tsofaffin abokan aikin Baba su ma suka tsaya masa. Aka sake shi, amma aka riƙe bindigar, aka ce za a lalata ta. Siririyar ma Umma ta ce a miƙa musu, ba ta son sake ganin bindiga a gidanta.

Ranar da ya dawo gida ya kira ni ta bidiyo. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ina shirin yi masa jaje sai ya riga ni. Ya ce, “Ka yi haƙuri ƙanena. Abu ɗaya ka roƙa cikin kayan Baba, ga shi na jawo an raba ka da shi.” A nan na kasa daurewa. Na faɗa masa komai, tun daga dattijon har kuɗin da aka ambata da kashedin da na ɓoye. Sai ya ce, “Da ka faɗa mana gaskiya, wallahi da mun bar maka ita a hakan.” Daga nan ya miƙa wa Umma wayar. Ita ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ba za ta janye albarkar da ta sa mini ba, amma in sani akwai haƙƙin 'yan'uwana mata a wuyana, har da ƙaramarmu da ba ta gama makaranta ba, kuma ita ba ta da ikon yafe wannan.

Na koma wurin malamin da ya yi rabon, aka sake lissafi da kimar gaskiya, na ɗauki nauyin biyan kowa rabonsa daga albashina a hankali. Yaya ya ƙi karɓar nasa, ya ce a ba ƙaramar. Ya tsaya mini a aurena kamar uba, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma a da kafin ya sayi ko taya sai ya kira ni mu yi shawara, yanzu sai dai in ji a bakin wasu. Dattijon kulob ɗin ya taɓa tambayata labarin bindigar, na ce masa tana nan lafiya, daga nan na daina zuwa wurin.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, in aka bar muku gadon abin da ba ku san kansa ba, bindiga ce ko wani tsohon kaya, ku nemi masani fiye da ɗaya, kuma a ji bayaninsa a gaban kowa. Kada a gyara komai kafin a san mene ne. In makami ne, a fara da hukuma da takardu kafin a fitar da shi daga ɗaki. Wanda kuma 'yan'uwansa suka ba amanar ya binciko musu, musamman mu da muke waje ake ganin mun fi sani, ya faɗi abin da ya ji yadda ya ji shi. Ni na yi zaton ƙaryata a kan ƙarfe da katako za ta tsaya, sai ga shi Yayana ne ya kwana a bayan kanta saboda ita, ya fito kuma yana ba ni haƙuri. Ina roƙon ku sa ni a addu'a, Allah ya yafe mini, ya jiƙan mahaifinmu.