Sharar Malama Rabi

Ina tsaye da tsintsiya, wuta tana cin sharar da na tara a bayan aji, sai ga Malama Rabi a guje, mayafi a hannu.

"Iya Talatu! Ina kwalin da ke ƙarƙashin teburina?"

Na nuna mata wutar. Ta dafe kai.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san wannan ba. Satina uku ke nan da fara shara a wannan cibiya tamu ta koyar da mata sana'a a Wudil, kuma gwaji ake yi min. Malama Rabi ce mai koyar da zanen kaki. Narka kakin zuma ake yi, a zuba masa kala, a shafa a katako da zafinsa, a liƙa ƙyalle ko ganye, a sake rufewa da kaki. To ƙyallaye ne a kwalin nan, da ɓawon albasa, da gashin zabo. Wata biyu tana tara su. An ma rubuta "kada a taɓa" a jiki, amma lokacin ko bihim ban sani ba, sai daga baya na shiga ajin manya.

Na ce, "Malama, ni dai tsakani da Allah shara na gani."

Shugabarmu Hajiya Binta ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ranar Alhamis baƙi za su zo daga Kano ganin allon zanen kakin da Rabi ta tara wa kayan nan. In babu allo, in nemi wani wurin.

Ban roƙi kowa ba. Washegari na zo da ƙullina: fasasshiyar ƙwarya mai zane, tsohon faifai, shuni, jar ƙasar bakin kogi, da guntun saƙin da uwata ta goya ni da shi.

Rabi ta jujjuya saƙin. "Iya, wannan fa in ya shiga kaki ba ya fitowa."

"Shekara sittin yana ƙasan adaka, asu na ci. Sa shi."

Ta ce tunda ni na ƙona, ni zan riƙe tukunya. Ita da ɗan ma'auninta take duba zafi. Ni kuwa shekara talatin ina suyar ƙuli-ƙuli, da hanci nake ganewa, kafin kakin ya yi hayaƙi na sauke. Wajen shafawa ne na sha kunya. Kafin in kai buroshi kan katako ya daskare.

"Iya, ba daɓen ɗaki kike ba! Sauri!"

"Ke ba a gaya miki da tsohuwa kike aiki ba?"

Kwana biyu muka yi a kai. A ƙarshe ta nuna min yadda ake kusanto da dutsen guga ba tare da ya taɓa ba, kakin sama ya narke ya kama na ƙasa. Shuni ya malala ya bi jar ƙasa, sak kogi da damina. Wallahi ni kaina na tsaya kallo.

Ranar Alhamis wata baƙuwa mai tabarau ta daɗe a gaban allon. Ta ce ina muka samo wannan saƙin, yanzu ba a yin irinsa. Rabi ta janyo ni, da tsintsiyata a hannu, ta ce, "Ga mai shi. Tare muka yi."

Da suka tafi Hajiya Binta ta ce, "Iya, shara da safe, ajin kaki bayan azahar. Amma in kin ga kwali, ki tambaya."

Rabi ta miƙo min ƙusa, wai in rubuta sunana kusa da nata. Na mayar mata da abarta. Na ɗumama gefen allon da dutsen guga, na dangwala babban yatsana. Ya ɗan ƙona ni.